Sojan da Ya Bi Kaza

A kamfanin Ottinger, can hawa na sama a kan masu ɗinkin riguna a Manhattan, kowa ya san Tano Mirabile da Hesh Brodkin ba sa ga maciji da juna. Sabbin ma'aikata kan ɗauka haka suka taso. Tsofaffin kuwa sun ga lokacin da su biyun suke raba biredi ɗaya a kan teburi ɗaya, Hesh yana zagaye ɗaki yana zuba labari da baki, Tano yana zana shi tun kafin ya kai ƙarshe. A haka suka haifi Jan Gwarzo, jarumin nan mai jar riga da ke tashi sama ya ɗaga mota da hannu ɗaya, wanda yara ke rububin littafinsa a wurin masu jarida kowane wata.

Abin ya lalace ne shekarar da Mista Ottinger ya ba Hesh kujerar edita da ofis mai ƙofa. Littafi na gaba ya fito da sunan Hesh shi kaɗai a shafin farko, da manyan baƙaƙe. Tano ya je ya tambayi dalili. Hesh ko ɗago kai bai yi daga tafireta ba, ya ce, "Labari daga ƙwaƙwalwa yake fitowa, Tano. Hannu kuwa, in na leƙa taga na yi fito, goma za su hawo."

Tano ba mai yawan magana ba ne. Ya juya ya fita, ya bar fensirinsa ya rama masa.

A lokacin yara sun fara ƙosawa da ganin Jan Gwarzo yana kamun ɓarayin banki, sai Hesh ya ƙirƙiro masa wata ɗamara wadda in ya murɗa ƙarfenta zai faɗa cikin wani zamani. Wannan wata yana Masar ana jan duwatsun dala, wata mai zuwa yana jirgin 'yan fashin teku. Doka ɗaya Hesh ya kafa, yana kuma nanata ta ga duk mai zane: Jan Gwarzo yana iya komawa jiya ya gani, ya yi faɗa, ya sha wuya, amma ba ya canja abin da ya riga ya faru. Wanda ya mutu ya mutu.

To, kowane zamani yana da azzaluminsa, kuma tun daga ranar nan kowane azzalumi ya riƙa fitowa da fuskar Hesh. Fir'auna ya fito da sanƙonsa. Shugaban 'yan fashin teku ya fito da buɗaɗɗun kunnuwansa da leɓensa na ƙasa mai raɓewa. Har wani ƙadangaren zamanin farko an gan shi da tabarau irin na Hesh. Masu shafa tawada suna ƙunshe dariya, Hesh yana duba shafuka yana sa hannu kamar bai gani ba, sai dai ya dawo da su a sake wannan hannu, a sake waccan ƙafa, har sai Tano ya yi asarar hutun ƙarshen mako.

Da abin ya tsaya nan, da sun tsufa a haka. Amma a damunar 1961 matar Hesh, Thelma, ta kwashe kayanta ta bi wani likitan haƙori zuwa New Jersey. Labarin ya zagaye ofis kafin azahar. Watan nan kuwa Jan Gwarzo yana birnin Rum, akwai wani attajirin majalisa mai zalunci a ciki. Tano ya ba shi fuskar da aka saba. Sannan a can bayan hoton, wurin da rubutun bai ce a sa komai ba, ya zana wata mata tana hawa keken doki, wani ƙato yana riƙe da hannunta, a ɗaya hannun kuma yana riƙe da awartakin cire haƙori.

Wannan karon ba a ƙunshe dariya ba. Har masu ɗinki na ƙasa sai da aka kai musu suka gani. Hesh ya daɗe yana kallon shafin, ya sa hannu, bai dawo da komai a gyara ba. Tano ya koma gida ranar da wani irin daɗi a ransa, gauraye da ɗan abin da bai so ya tsaya ya duba ba.

Bayan littafin ya fito, wata Litinin da safe ya tarar da ambulan sabon labari a kan teburinsa. Ya kunna taba, ya zauna ya buɗe. Jan Gwarzo zai koma shekarar 1944, bakin tekun Anzio, inda sojojin Amurka suka maƙale cikin ramuka ana yi musu ruwan wuta. A can zai haɗu da wani soja acici, ɗan Brooklyn, wanda ba ya tunanin komai sai cikinsa. Ana cikin yaƙi sai sojan ya hangi kaza tana kiwo a wata gona. Ya ajiye bindiga ya bi ta. Jan Gwarzo ya kira shi, bai waiwayo ba. Kaza ta tsallake wata igiya, shi ma ya tsallake, ya taka nakiya. A gida na ƙarshe cikin gidajen zanen sai hayaƙi da hular ƙarfe tana juyi a ƙasa, kazar kuma tana tsaye a kanta. Sunan sojan Saverio.

Tabar ta ci har ta ƙona masa yatsa bai sani ba.

Saverio ƙaninsa ne. Tare aka ɗauke su soja, aka raba su runduna. Da Tano ya sami zuwa wurin abokan Saverio bayan an binne shi, wani saje ya gaya masa yadda abin ya faru, yana magana yana kallon ƙasa. Sun daɗe ba su ci abinci mai zafi ba, yaron ya ga kaza. Tano ya dawo gida ya gaya wa mahaifiyarsu da Mena, matar Saverio, cewa ya mutu ne yana ɗauke da abokinsa da aka harba. Wannan labarin aka gaya wa fadan coci, shi aka gaya wa unguwa. Mutum ɗaya tak a duniya Tano ya taɓa faɗa wa gaskiya, wata rana bayan an tashi aiki, a wata mashaya kusa da tasha, zamanin da suke raba biredi. Har yana tuna Hesh ya dafa masa kafaɗa.

Ya shiga ofishin ba tare da ƙwanƙwasawa ba, ya rufe ƙofa. Hesh yana fere fensir da 'yar wuƙa.

"Ka karanta?" in ji Hesh. "Ina son kazar ta fito da kyau. Yara suna son dabbobi."

"Cire shi."

"In cire me?"

"Ka san abin da nake faɗi. Sa shi a wani wuri, sa masa wani suna. Ko ka yaga shi gaba ɗaya."

Hesh ya busa ƙurar fensir daga yatsunsa. "Ni ban ga aibinsa ba. Labari ne mai darasi. Kwaɗayi ba kyau. Iyaye ma za su so shi."

"A kan amana na gaya maka wannan maganar."

"Amana." Hesh ya maimaita kalmar a hankali kamar yana ɗanɗana ta. "Ni ma akwai abin da na ɗauka amana ce. Ka san masu ɗinkin ƙasa yanzu in na shiga lif buɗe baki suke yi su nuna mini haƙoransu? Surukata ta sayi littafin. Ta aiko mini da shafin ta gidan waya, ta zagaye wurin da jan biro."

"Matarka tana da rai, Hesh. Tana can tana cin abinci a Jersey. Wannan yaro ya mutu."

"To ai shi ya sa ba zai ji zafi ba. Ni kuwa ina ji."

Tano ya dafa teburin da hannu biyu. "Kai da ko warin yaƙi ba ka ji ba. Kana nan kana sayar da safa a shagon kawunka saboda wai tafin ƙafarka shimfiɗaɗɗe ne, an ƙi ɗaukar ka soja. Kai ne za ka yi wa mamaci ba'a?"

"Ni dai ban bi kaza ba," in ji Hesh.

Abin da ya hana Tano ya tsallake teburin nan shi kansa bai sani ba. Ya kwashi takardun ya nufi ofishin Mista Ottinger.

Mista Ottinger tsoho ne mai tumbi da ya fara da buga kalandar mata kafin ya gano yara sun fi manya sakin kuɗi. Tano ya same shi yana cin kifin gwangwani da cokali. Ya saurari rabin maganar, ya karɓi takardun da yatsu masu mai, ya karanta yana motsa baki. Da ya kai wurin kazar sai ya yi dariya har da tari.

"Wannan zai sayu. A sa kazar a bango."

"Ranka ya daɗe, ƙanina ne. Sunansa ne. Haka ya mutu."

Tsohon ya dube shi ta saman tabarau. "Allah ya ji ƙansa. Amma wa ya sani? Saverio nawa ne a Brooklyn? Ni na gaji da ku biyun nan, kullum kamar zakaru. Wancan watan kai ka taɓa shi, na ƙyale. Wannan watan shi ya taɓa ka. Maɗaba'a tana jira ranar Litinin mai zuwa. In ba ka iyawa ka faɗa, a ba wani."

Tano ya san waɗanda za a ba. Za su zana Saverio da hanci kamar dankali da harshe a waje. Ya karɓi takardunsa ya fita.

Har ƙarshen mako bai ja layi ɗaya ba. Ranar Lahadi bayan coci aka zauna cin abinci a gidansu na unguwar Bensonhurst a Brooklyn kamar kullum. Mahaifiyarsa, Mamma, tana kan teburi, ƙarƙashin hoton Saverio cikin kakinsa, da kyandir ɗin da ba a bari ya mutu. Mena tana zuba taliya. Tun rasuwar mijinta ba ta bar gidan ba, ba ta sake aure ba, tana ɗinki a masaƙar riguna da rana ta dawo ta kula da tsohuwa. Mace ce doguwa mai kaifin harshe, wadda ko mahauci ba ya yi mata ƙwange.

"Ba ka ci," in ji Mamma. "Bayahuden nan, Hesh, ne ya sake ɓata maka rai?"

"Aiki ne kawai, Mamma."

Da tsohuwa ta tafi kwanciyar rana, Tano ya bi Mena kicin. Ya tsaya bakin ƙofa yana murza hularsa. Yaran unguwa duk suna karanta Jan Gwarzo, kowa kuma ya san wanda ke zana shi. Ba za a daɗe ba wani zai gane Saverio nasu ne. Gara ta ji daga bakinsa. Ya fara da kame-kame, sannan ya faɗa mata duka, da sajen, da kazar, da igiyar.

Mena ba ta daina wanke tukunya ba. "Na sani," ta ce.

"Kin sani?"

"Wani abokinsa ya zo nan bayan an gama yaƙi, kana wurin aiki. Ya kawo mini agogonsa. Ya ɗauka na riga na ji, sai ya faɗa. Ba abin mamaki. Saverio ne fa. Ranar aurenmu ma a kicin aka same shi yana ɗanɗana miya." Ta kife tukunyar. "Duk shekarun nan ina jin ka kana ba da labarin abokin da ya goya, kowace shekara abokin yana ƙara nauyi. Na yi shiru saboda Mamma. Me ya tayar da maganar yau?"

Sai ya gaya mata labarin ambulan. Nan ne ta juyo, hannuwanta suna ɗigar ruwa.

"Shi wannan mutumin ina ya ji?"

Tano ya sunkuyar da kai.

"Kai ka gaya masa." Muryarta ba ta ɗaga ba, sai ma ƙasa da ta yi. "Ni matarsa ka ga ban isa in ji ba. Amma wani ƙato a mashaya, da kofin giya a gabanka, shi ya isa. Sannan ka je ka tsokane shi da matarsa, kana sane da abin da ke hannunsa. Kai wane irin mutum ne, Tano? Furfura a kanka kana wasan yara da hoton mutane."

"Zan gyara."

"Me za ka gyara? In Mamma ta ji wannan maganar daga bakin wata a bakin coci, wallahi ba za ka sake cin abincin da na dafa ba. Matsa mini, ina da aiki."

Ya hau sama ɗakinsa na zane, ya buɗe taga, ya zauna. Ya bi rubutun Hesh gida bayan gida, bai tsallake ko ɗaya ba. Amma bai zana acici ba. Ya zana Saverio yadda yake, siririn yaro mai gashi a tsaye da wushirya, kakinsa ya yi masa yawa, idanunsa sun faɗa don yunwa. Ya zana ramukan yadda ya san su, da taɓo har gwiwa, da mutane kwance ba su da ƙarfin korar ƙuda. Kazar ma ramammiya ce. Duk wanda ya kalli shafukan zai gane abin da ya sa mutum zai ajiye bindiga ya bi ta.

Da ya zo shafi na ƙarshe ya daɗe riƙe da fensir. Sannan ya zana ƙafar yaron tana sauka kan nakiya, ya zana jar riga tana tsinkowa daga sama, hannu ya cafke shi a ƙugu. Ƙasa ta fashe a bayansu. A gida na ƙarshe Jan Gwarzo yana sama can bisa teku, Saverio a rungume a ƙirjinsa, yana dariya, kazar a hammatarsa.

Ranar Litinin ya ajiye shafukan a gaban Hesh. Bai zauna ba.

Hesh ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Tun a shafi na biyu murmushin da ya shirya ya ɓace. Ya san fuskar, ya sha ganin hoton a gidan su Tano zamanin da yake zuwa cin taliyar Lahadi, Mamma tana ƙara masa tana cewa ya rame. Ya kai ƙarshe ya tsaya. Tano yana kallonsa, har ya ɗauka zai bar shafin ya wuce.

"Ka karya doka," in ji Hesh.

"Dokarka ce. Kai ka ƙirƙire ta, kana iya ɗaga ta sau ɗaya."

"In ya ceci wannan, gobe yara za su rubuto su ce me ya hana shi ceton nasu uban. Wanda ya mutu ya mutu."

"Na bi ka a komai, Hesh. Sunan yana nan, kazar tana nan. Ka rama. Bar mini wannan gidan ɗaya."

Hesh ya dube shi. "Kai ka bar mini nawa?"

Ya jawo kwalbar farin fenti da ake goge kuskure da shi, ya tsoma buroshi, ya ja shi a kan jar rigar. Ya sake tsomawa ya ja a kan fuskar yaron. "Ka zana hayaƙi a nan, da hular. In ba ka so, akwai mai yi kafin azahar."

Tano bai taɓa shi ba. Ya miƙa hannu ya tattara shafukan gaba ɗaya, masu kauri ne, ya dafa su a gefen teburi ya tsaga su biyu. Ya haɗa ya sake tsagawa. Hesh ya miƙe yana cewa maɗaba'a, maɗaba'a, ya kama hannunsa, Tano ya ture shi ya faɗa kan kujera, tabaraunsa ya zame. Masu tawada sun taru a bakin ƙofa. Tano ya cusa yagaggun takardun cikin aljihun kwat ɗinsa, ya je teburinsa ya kwashi buroshinsa da rula, ya sauka ta matakala. Muryar Mista Ottinger ta biyo shi har hawa na biyu, yana rantsuwa ba zai sake zana ko da'ira a garin nan ba.

Tsohon bai yi ƙarya sosai ba. Kamfanonin littattafan zane 'yan kaɗan ne, masu su kuma tare suke cin abincin rana. Duk inda Tano ya je da jakar zanensa, sai a yaba, a ce a bar lamba. Wani edita ma ya ce masa a fili ba ya ɗaukar mai yaga aiki ranar kai wa maɗaba'a. Daga ƙarshe ya samu wuri a Newark, wajen masu buga littafin tallan kayan gida, yana zana firij da injin wanki da mata masu murmushi a gefensu.

Labarin kuwa ya fito, a makare. Wani ya zana shi cikin gaggawa, sojan da tumbi da hanci kamar dankali, kazar a bango. Hesh bai canja sunan ba. Tano ya gan shi rataye a shagon mai jarida na kan kwana, ya wuce bai saya ba. Ya yi ta jiran maganar ta fashe a unguwa. Ba ta fashe ba. Ba wanda ya ga Saverio a jikin wannan ƙaton, yaran da suka karanta suka yi dariyarsu suka musanya shi da wani. Mamma ta ci gaba da kunna kyandir ɗinta. Mena kuma ta ci gaba da ajiye masa faranti a gabansa ba tare da ta dube shi ba.

Sanyi ya shigo ya fita. Wata Asabar da hantsi Tano yana sama yana zana murfin tukunya, sai ya ji an buga ƙararrawa, ya ji Mena ta buɗe. Ya gane muryar tun daga kalmar farko. Ya sauko rabin matakala ya tsaya.

Hesh ne a bakin ƙofa, hula a hannu, ambulan a hammata. Ya rame, kwalar rigarsa ba guga.

"Misis Mirabile, ban sani ba ko kin tuna ni."

"Na tuna ka," in ji Mena. "Ka ci abinci a gidan nan. A kan waccan kujerar kake zama, ƙarƙashin hotonsa."

"Wurin Tano na zo."

"To tsaya nan. Ƙafarka ba za ta taka cikin gidan nan ba." Ta juya ta ga Tano a matakala. "Ga abokinka," ta ce, ta wuce kicin.

Tano ya fito ya ja ƙofa a bayansa. Suka tsaya a kan dakalin, Hesh a ƙasa, shi a sama.

"Ba ni na so zuwa ba," in ji Hesh. "Ottinger ne. Littafin yana faɗuwa. Yara suna rubutowa wai Jan Gwarzo ya koma kamar buhun dankali. Mun gwada masu zane uku."

"Ka leƙa taga ka yi fito mana."

Hesh ya haɗiye wannan. "Ya ce ko in dawo da kai, ko ya nemo wani edita."

"Ka zo ba da haƙuri ke nan?"

"A'a. Kai fa?"

"A'a."

Mota ta wuce, wata maƙwabciya ta leƙo ta taga ta koma. Tano ya dubi ambulan. Ya tuna zanen kayan gidan da ke jiran sa a sama, da doguwar tafiyar Newark kullum safiya, da yadda hannunsa ke zana jar riga a gefen takarda in ya shagala. Haushin kansa ya kama shi, don ya san amsar tun kafin a tambaye shi.

"Sunana a shafin farko," ya ce. "Daidai girman naka."

"Ottinger ya yarda da wannan."

"Ba zan taka ofishin nan ba. A aiko mini da labari, in aika da zane. Kada ka kira ni a waya. In akwai gyara, ka gaya wa wani ya gaya mini."

"Ni ma haka na fi so. Kuma fuskata, Tano. In na sake ganin ta a jikin ko da jaki ne, zan nemo wani abin da ka taɓa gaya mini. Ka gaya mini abubuwa da yawa."

"Fuskarka ba ta cancanci tawadata ba."

Ya fizge ambulan. Hesh ya sa hularsa, ya ɗan tsaya kamar akwai sauran magana, ya dubi tagar falon.

"Sauka mini daga dakali," in ji Tano. "Mamma ta kusa dawowa daga kasuwa, ba na son ta gan ka."

Hesh ya sauka ya kama hanyar tasha, bai waiwayo ba.

A haka suka ci gaba har Ottinger ya mutu 'ya'yansa suka sayar da kamfanin. Labari ya zo ta gidan waya, zane ya koma ta gidan waya. Jan Gwarzo ya je zamanin Nuhu, ya je zamanin da mutane za su koma zama a wata, ya dawo, littafin ya farfaɗo. Masu karatu suna rubutowa suna cewa ba su taɓa ganin mutum biyu da hannunsu ya zo ɗaya kamar Brodkin da Mirabile ba, wasu har suna tambaya ko 'yan'uwa ne. Hesh ne ke amsa wasiƙun a shafin baya, yana cewa tsofaffin abokai ne. Tano ba ya karanta shafin. Da Mamma ta rasu, wani furen ta'aziyya ya zo ba suna a jiki. Mena ta dubi shagon da aka sayo shi, ta ga na Manhattan ne, can wajen su Hesh, ta ɗauka da kanta ta kai shi bola.